Matar Naɗe-Hannu

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Ya makara har muka fara kallon juna, ya zo da gudu, ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba. Duk da haka an samu abin jefawa a rumbu, shi ya sa tun shekaranjiya samari suka share fage a bayan gari, ganga ta hana mutum sallar la'asar cikin natsuwa. Ɗazu jikana Sale ya shigo da walki a ƙugu, layu tun daga damtse har gwiwar hannu, wai in sa masa albarka zai shiga kokawa.

Na ce, "Kai ɗin? Kai da bunsuru ya kayar a bakin rijiya?"

Ya ce, "Haba tsohuwa, kin manta jinin wa ke jikina?"

Ban manta ba. Na tofa masa addu'a a ka, ya fita yana tsalle, ni kuwa gyaɗar da nake ɓarewa ta gagare ni. Irin wannan shekarar ce sak, ruwan, zafin, har muryar gangar.

Kakansa nake nufi, mai gidana na fari. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, ba a yi mana tarbiyyar kiran miji da suna ba, kuma ba yanzu da haƙora suka zube zan fara ba. Makaɗa Gatari suke ce masa. Ba dogo ba ne, amma in ya tsaya a ƙofar ɗaki sai haske ya ɗauke. Ni na ce ina so. Na gan shi a fage ina tallan gumba, na koma gida na manta faifaina a can.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Mu a ƙauye, gabas da Mirriya, ba mu cika ganinsu ba, sai dai mu ga aikensu: gardi, ɗan sandan Nasara, a kan doki, ya sauka a ƙofar mai gari ya ce ana son gero, ko ana son mutane. Wata kaka aka ce ana son majiya ƙarfi su ɗauki azarar giginya zuwa Birnin Damagaram, ana ginin bariki. Wa za a fara nunawa in ba ɗan kokawa ba? Ya tafi garau, ya dawo kafaɗar dama a goce, ko ludayi ba ya iya kaiwa baki da ita. Iya, mahaifiyarsa, ta yi ta gasa masa da ruwan zafi tana murza man shanu.

A haka kokawar Mirriya ta zo. Na ce kada ya je, ya ce kallo kawai zai yi. Bari in faɗa wa wanda bai san fage ba. In ɗan kokawa yana son karawa da kai, gabanka zai zo ya rusuna ya miƙo maka hannu, tafi a buɗe. In ka buga tafinka a nasa, ka amsa ke nan, sai a ba ku fili. In ka naɗe hannuwanka a ƙirji, ka ƙi, kuma kowa ya gani. Cikin fage hannu ba shi da wata magana sai wannan.

Akwai wani Jatau, zakaran Mirriya, wanda bai taɓa yarda sun haɗu da mai gidana yana lafiya ba. Ranar nan ya hango shi zaune cikin 'yan kallo, ya ratsa mutane, ya rusuna, ya miƙa hannu. Ya san da kafaɗar, wallahi ya sani. Mai gidana ya dubi hannun nan, ya dubi ƙasa, ya naɗe nasa.

Kafin mu iso gida sunan ya riga mu. Naɗe-hannu. 'Yan mata suka sa shi a waƙar dandali, yara suka ɗauka, ba wanda ya ƙara tuna azara. Ni kuma na zama matar Naɗe-hannu. In na je rijiya sai wata ta rungume hannu a ƙirji ta ce, "Ke, ja mana gugan nan, mu namu a naɗe suke." Na fasa wa wata tulu a kan wannan maganar, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Shi bai fasa komai ba. Rannan yana zaune Iya na murza masa kafaɗa, sai ya ce, kamar da kansa yake, "Iya, daga yau duk wanda ya miƙo mini hannu a fage, ko aljani ne, na amsa." Iya ta ce, "Allah ya ba ka lafiyar amsawa." Ni ma na ce amin, da bakina.

Geronmu bai kai bazara ba. Da ma bai yi yawa ba, gardi kuma ya zo ya kwashi na dawakin bariki. Da zafi ya kankama, mun share ƙasan rumbu har muna tankaɗe ƙasar da ke ciki. Zafin shekarar nan, yaran yanzu ba su san shi ba. Kafin hantsi rairayi ya hana taka ƙasa, kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, ruwan randar ma da ɗumi. Ni da Iya mu fita tun da sanyin safe mu tsinko 'ya'yan anza a daji, mu ɓare, mu jiƙa, mu yi ta sauya mata ruwa har ɗacin ya rage, don fita dai ba ya fita. Mu sussuka ƙarangiya, ƙaya ta cika mana yatsu, mu samu abin da bai cika tafi ba. Har gidan tururuwa mun haƙa mun ƙwace musu tsabar da suka tara. Yau in rumbu ya ƙare sai a ce mota za ta zo da hatsi daga wani wuri. Mu a lokacin abin da ke zuwa daga wani wuri karɓa yake zuwa yi.

Cikin wannan yunwar ya fara shiri. Kafaɗa ta koma wurinta amma ta bushe, ta zama ƙarama a kan 'yar'uwarta. Ya je wurin Barmo, tsohon makaɗin da ke buga masa take tun yana saurayi, ya ce ya sa shi a hanya. Barmo ya ce, "Rijiya." Rijiyarmu mai zurfi ce, in ka leƙa ruwan kamar idon kaza. Mai gidana ya karɓi guga ya riƙa shayar da dabbobin gari kaf, da hannun dama kaɗai, igiya tana yanka masa tafi. Barmo na zaune a inuwar aduwa yana tsawa, "Da ƙugu ake ja, ɗan nema, ba da wuya ba!" In ya dawo gida ya rungumi turmin Iya ya ɗaga, ya ajiye, ya ɗaga, har Iya ta ce, "Kai, in ka fasa mini turmi da kanka zan yi daka." Da yamma ya tafi rairayin ƙorama, samari su hau shi bi da bi. Da farko yara ƙanana ma kayar da shi suke yi. Ya tashi, ya karkaɗe, ya ce a sake.

Hadari ya yi ta haɗuwa gabas yana watsewa. Mu tsaya a tsakar gida muna kallonsa, iska ta taso, ta kwashe shi ta kai wa wasu. Ranar da ruwan ya sauka ina surfen dusa, na ji ƙamshin ƙasa tun kafin ɗigon farko ya taɓa ni. Na saki taɓarya na tsaya a ciki har zanena ya manne. Washegari gari ya fita kaf. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, ƙasa mai laushi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Shuka ta fito kore shar, muka yi murna, sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo ta naɗe, ta yi fari, ta kwanta. Ba don Iya ta ɓoye wani iri a gora cikin toka ba, ta hana mu ci ko da muna kuka, da ba mu sake shuka ba.

Na biyun ya kama. Noma ya zo, ciyawa ta taso da ƙarfinta, ciki babu komai. Aka riƙa gayya gona-gona, gayyar da babu tuwo, sai kunu tsararo da kwaɗon tafasa ba ƙuli. Barmo ya rataya ganga yana bin masu hauya. Mai gidana ya riƙa ɗaukar kunyar mutum biyu, gumi na zuba daga bayansa, haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa. In Barmo ya so tayar da shi sai ya matso kusa da kunnensa ya ce a hankali, "Naɗe." Shi ke nan, sai ka ga ƙasa na tashi.

A cikin daminar nan nake da ciki, na fari, ina ɓoyewa don kunya. Ɗan geron da Iya kan samo in ta yi wa wasu daka, mukan yi fura da shi. Na riƙa juye rabona a ƙwaryarsa, in ya tambaya in ce na sha. Rannan na sunkuya ɗaukar itace, jiri ya kwashe ni, na farfaɗo na ga fuskarsa a kaina. Iya ce ta gaya masa komai, cikin da furar.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko ƙwarya ya dire a gabana ya ce, "Shanye."

Na ce, "Kai ke shiga fage."

"Shanye, na ce."

Haushi ya kama ni, na ce, "To ka bar kokawar nan mana! Su kira ka abin da suka ga dama. Ni suna na aura? Suna ne zai yi mini noma?"

Ya nuna cikina da haɓa. Ya ce, "Wannan fa? In namiji ne, ɗan Naɗe za a ce masa tun yana rarrafe. Duk yaron da ya so zai mare shi, a ce ai gado ya yi. Ni zan iya ɗauka, ke ma na ga kina ɗauka. Shi bai yi komai ba."

Na sha furar ina hawaye, yana zaune har na ga ƙasan ƙwarya.

Gero ya yi kai, muka fara gasa tumu. Ban taɓa cin abin da ya kai tumun shekarar nan daɗi ba, na murje shi da zafinsa a tafi, na watsa a baki har ya ƙona mini harshe. Ruwa ya ɗauke da wuri, amma an yanka, an ɗaure, an kai rumbu. Mai gidana ya riƙa ɗauko dami a kafaɗar daman nan tun daga gona ba ya saukewa. Jiki ya dawo masa. A ƙorama yanzu samari biyu suke haɗuwa a kansa, ya zubar da su yana dariya. Na fara jin dariyarsa a gida kuma.

Ranar kasuwar Mirriya aka sa kokawa. Mun tafi gari guda, ni ma na bi da tulun cikina, Iya tana mita tana riƙe da hannuna. Rana ta kaka mai cizo, sama tas ba gajimare. An zagaye fage kusa da tsamiyoyi, mutane har kan rassa, ga warin gumi da na ƙosai. Can gefe aka ajiye kujera, wani Nasara ya zauna a kai, saurayi ne ja, da malfa da bulala, tafinta a tsaye bayansa, 'yan gardi da bindigogi. An ce daga Birni ya zo don kallo. Ranar na fara ganin Nasara kusa, na ce wa Iya, "Wannan ko an ɗauke shi daga wuta bai nuna ba?" Ta mintsine ni.

Yara suka yi, matasa suka yi. Da la'asar ta yi sanyi Barmo ya canza hannu, ya buga taken Gatari. Mai gidana ya shiga. Mutanen Mirriya suka ɗauki ihu, "Naɗe! Naɗe!" Bai ko waiga ba. Ya taka har gaban Jatau, ya rusuna, ya miƙa masa hannun dama. Jatau ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya buga.

Sun daɗe suna zagaya juna a sunkuye, wannan ya taɓa kan wannan, wannan ya kauce. Suka sarƙe. Ina jin numfashinsu daga inda nake. Jatau kafaɗar kawai yake nema, ya kama ta ya murɗa da duk ƙarfinsa, na rufe ido na buɗe. Ashe bar masa ita aka yi. Yana can yana murɗa, mai gidana ya nutse ƙasa ya cafke masa cinya, ya ɗaga shi yadda yake ɗaga turmin Iya, ya juya, ya shimfiɗa shi da baya. Na ji faɗuwar a tafin ƙafata.

Wayyo, wannan guɗa! Iya da tsufanta, ga ta tana rawa. Matar da na fasa wa tulu ita ta rungume ni. Mai gidana ya yi abin da ake yi, ya kama Jatau ya tayar, ya karkaɗe masa rairayin baya. Ya juyo yana nema na cikin mata, ya same ni, ya ɗaga mini hannun nan. Da a ce nan muka juya muka kama hanyar gida!

Sai Nasaran nan ya tashi daga kujera yana tafa hannu. Ya cire malfa, ya miƙa wa gardi ita da bulalar, ya shigo cikin fage. Mai gidana ya durƙusa don gaisuwa, yadda talaka ke yi wa mai mulki. Nasara ya zo gabansa yana washe baki, ya sunkuyo, ya miƙo masa hannu, tafi a buɗe.

Ku gane, mu ba mu taɓa ganin mai mulki ya ba talaka hannu ba. Ko ɗan sarkin ƙauye ba ya yi. Ga mutum ya ajiye hularsa da bulalarsa, ya shigo fage, ya rusuna, ya miƙa hannu. Me wannan ke nufi? Mai gidana ya dubi hannun, ya waiga ya dubi Barmo, Barmo ma baki buɗe. Sai wata murya daga ɓangaren mutanen Jatau ta ce, "To, wannan ma naɗe mana mu gani!"

Na ga bayansa ya miƙe. Ya buga tafinsa a na Nasara, fau. Barmo, da hannunsa ya riga hankalinsa, ya saki take. Ba a yi wata kokawa ba, mutumin ba shi da nauyi. Kafin tafinta ya buɗe baki, takalman Nasara suna sama, bayansa a rairayi.

Abin da ke hana ni sukuni har yau shi ne abin da ya biyo. Mai gidana ya sunkuya ya tayar da shi da ladabi, ya shiga karkaɗe masa rairayin riga, yana murmushi, yana cewa, "Sannu, sannu, ka yi ƙoƙari." Yana cikin karkaɗewar gindin bindiga ya same shi a ƙeya.

Ya faɗi a gwiwa, jini na bin wuyansa, yana ta tambaya, "Me na yi? Ba shi ya miƙo ba?"

Tafinta ya ce, "Gaisuwa ce, wawa! Haka suke gaisuwa! Barka yake yi maka!"

Aka ɗaure hannuwan nan biyu ta baya da igiyar doki. Mutane suka watse, har masu kan tsamiya. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Mai gari ya je ya yi roƙo, dattawa suka je, aka ce ba a jin magana, talaka ya taɓa Nasara gaban jama'a. Na bi shi Birni da ƙafa, da ƙwaryar fura a ka, na sauka gidan wata gwaggon Iya mai rini. Kullum ina ƙofar gidan kaso, kullum a kore ni. Wata safiya aka fito da su a jere, igiya ɗaya a ƙugu, za a kai su arewa cikin rairayi, wai haƙar rijiyoyi a hanyar raƙuma. Wani gardi Bahaushe ya kau da kai, na matsa na sa masa ludayi a baki, don hannunsa ba dama. Ya rame, idonsa ɗaya a kumbure.

Ya ce, "Me ake ce mini a gari?"

Na ce, "Ka-da-Nasara."

Ya ce, "Yaran ma?"

"Har 'yan matan dandali."

Ya lumshe idon da ke buɗe, ya yi murmushi, ya dubi cikina ya ce, "To, alhamdulillahi." Aka ja igiya.

Ban sake ganinsa ba. Namiji na haifa, uban Sale ke nan. Shekaru suka wuce kafin wani madugu ya tsaya a garinmu ya ce ya san wani ƙaƙƙarfa da rijiya ta rufta da shi can arewa, mai tabo a ƙeya. Sai a lokacin na yi takaba, Iya kuwa ba ta kai ga jin wannan ba. Na sake aure, mutumin kirki, na haifi wasu, na binne shi shi ma. Ɗana ya tashi ba yaron da ya taɓa marinsa. Duk inda ya shiga sai a ce ga ɗan Ka-da-Nasara, a matsa masa wuri. Abin da uban ya so ya samu, ba ragi.

Yanzu Nasara sun tafi, kowa yana ba kowa hannu, har manya kan ba talaka in suna neman wani abu. Makaɗa sun ƙara wa labarin gishiri, wai da gangan ya yi, wai ramuwar azara ce. Ni na ga fuskarsa yana karkaɗe rigar nan, ba ramuwa a cikinta, murna ce kawai ta mutumin da aka girmama shi aka nemi karawa da shi.

Da Sale ya kai ƙofar zaure ɗazu na ƙwala masa kira ya dawo. Na ce, "Zo nan, angona. In wanda ba ka gane ba ya miƙo maka hannu, naɗe naka ka dawo gida ka ci tuwo."

Ya fashe da dariya, ya ce, "Matar Ka-da-Nasara ce ke faɗin haka?"

Ya ɗauka tsokana ce irin tamu, na bar shi a haka. Amma Allah ya sani, da za a zo yau a ce in mayar da wannan sunan a ba ni na da, in koma rijiya mata su rungume hannu suna dariya, in dawo in same shi zaune a tsakar gida da kafaɗarsa a goce yana jiran ruwan zafi, da tun ba a rufe baki ba na amsa.